Igwar Mamosta Zirak

Mamosta Zirak, wato Malam Zirak, yana kwance rigingine a ƙarƙashin igwa, yana kankare cingam da tsohuwar wuƙar yanka cuku, lokacin da motar sojoji ta taka birki a ƙofar gidan tarihin garin Kanisewa. Jiya 'yan makaranta suka zo ziyara, kuma duk ranar da suka zo, washegari a nan yake wuni.

Takalma ya fara gani. Shida sun sha ƙura, biyu suna ta sheƙi.

"Mamosta, kana raye a ƙarƙashin nan?"

Ya gane muryar. Sarbast ne, wanda ya koya wa tarihi shekara uku a sakandare, mutumin da ya taɓa rubuta masa a jarrabawa cewa an yi yaƙin duniya na biyu kafin na farko. Yanzu shi ne kwamandan mayaƙan Peshmarga na yankin baki ɗaya, ya ajiye gashin baki da tumbi, kowa Kak Sarbast yake ce masa, wato Yaya Sarbast.

Mamosta ya jawo jiki ya fito, ya karkaɗe bujensa, ya gyara ɗamara. "Shekara goma sha tara ina kiranka ka zo ka ga tarihi, sai yau ka gane hanya?"

"Wallahi Mamosta kullum kana raina."

"To, me kake so? Kai ba ka zuwa wuri sai da dalili."

Sai da aka sha shayi kofi bibbiyu Kak Sarbast ya fito da maganar. Wata ƙasar Turai ta aiko musu da makamai a jirgin sama shekaranjiya: akwatunan bindigogi, hulunan kwano, da igwa guda ɗaya. Igwar ta zo da harsasanta lafiyayyu, amma babu makullin gindi, ƙarfen nan da ke toshe bayanta idan an zura harsashi. Ba wanda ya san inda ya maƙale. Da ƙarfe biyu na rana wani babban jami'in ƙasar zai zo bikin miƙa kaya, da 'yan talabijin, kuma dole a harba igwar a gabansa.

"Wasta Kamaran makaniki ya duba ta," in ji Kak Sarbast, yana juya cokali a kofin da babu komai. "Ya ce ita da taka uwa ɗaya uba ɗaya suke."

Mamosta ya ajiye kofinsa a hankali. Gidan tarihin ɗaki uku ne kacal: tukwane, masaƙa, da hotunan mutane masu gashin baki da ba wanda ya tuna sunayensu. Igwar nan ita ce komai. Mahaifinsa da abokansa suka ƙwato ta daga hannun sojojin gwamnati a bakin gada tun yana goye, alfadarai takwas suka hau da ita dutse.

"Kayan tarihi ne," ya ce. "Ko ƙusa ɗaya ba ta fita sai da takarda daga ofishin kayan tarihi."

"Mamosta, aro ne."

"Takarda mai hatimi biyu."

"Gobe da safe za a wuce da igwar nan tudun Girdasur. Mutum arba'in gare ni a can, ba su da komai sai ƙananan bindigogi. Abokan gaba masu baƙar tuta kuwa motoci suke turo musu, an lulluɓe su da ƙarfe an cika da bam. Harsashin bindiga ko gezau ba ya sa su."

Mamosta ya san da haka. Rebwar, mijin 'yarsa Shilan, yana cikin mutum arba'in ɗin. Ya dubi igwar, ya dubi ƙasa, ya ce, "Doka ce. Ba ni na yi ta ba."

Kak Sarbast ya miƙe. Ya ciro waya, ya koma gefe, ya yi magana ƙasa-ƙasa. Kafin shayi na uku ya huce, sai ga Gulala, matar Mamosta, ta shigo daga kasuwa da ledar gauta a hannu ɗaya, ganyen inabi a ɗayan.

"Ka kira min ita?" Mamosta ya ce. "Kai, Sarbast, haka kake yaƙi?"

"Idan ƙaramin makami ya gaza, Mamosta, babba ake fitowa da shi."

Gulala ta dire ledojin a kan benci. "Zirak, Shilan cikin wata bakwai gare ta. Kwana goma ba ta ci abincin kirki ba. Ni kuwa shekara goma sha tara ina kallonka kana shafa wa wannan ƙarfen mai, ni ko na kwalba ɗaya ba ka taɓa sayo min ba. Ban ce komai ba."

"Kin ce. Kullum kina cewa."

"To yau ma na ce. Kwance musu."

Ya kwance, amma da sharaɗi: shi zai riƙe, shi zai kai, shi zai dawo da shi. Aka naɗe makullin a bargo. Mamosta ya zauna a gaban mota ya rungume shi a cinya, nauyinsa ya kai na buhun shinkafa, duk ramin da direba ya faɗa sai ya ce, "A hankali, ɗan'uwa, ba kankana ka ɗauko ba." Gulala ta shiga baya ba tare da kowa ya gayyace ta ba.

A bariki kamar ranar kasuwa. An fasa akwatuna, mayaƙa suna ta gwada hulunan kwano suna ɗaukar hoto. Wani ya sami hoton wata budurwa mai tulin gashi maƙale a cikin tasa hular, yana ta nuna wa mutane yana cewa ya sami mata.

"Duba bayan hoton," wani ya ce. "Yanzu ai ta girmi kakarka."

Can gefe an buɗe gwangwanin abinci guda ɗaya daga cikin kayan, an ajiye wa karen bariki. Karen ya sansana, ya dubi mutanen, ya tashi ya koma inuwa. Wani matashin soja kuma ya ɗora wayarsa a kan littafin bayanin igwar, waya tana fassara masa, yana karantawa da ƙarfi: "Shafi na ɗaya. Kafin a ja ta, a tabbatar dawakai shida sun ci sun ƙoshi."

Mamosta bai ji ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ya hango igwar da aka aiko.

Tana tsaye a tsakiyar fili, fentinta ya ɓaɓɓare, an liƙa mata 'yar tutar ƙasar da ta aiko ta. Ƙafafunta na katako ne. Ya miƙa wa wani soja bargon ba tare da ya dube shi ba, ya nufe ta a hankali, ya goge wani wuri da hannun riga, ya karanta shekarar da aka buga a jikin ƙarfen. Ta girmi tasa da shekara goma sha ɗaya.

"Ya Allah," ya ce. "Gulala, zo ki ga. Ƙirar farko ce. A littafi kawai na taɓa ganinta." Sai ya juya ya daka wa wani tsawa: "Kai! Wa ya shanya safa a nan? Cire! Ba igiyar gidanku ba ce!"

Wasta Kamaran ya fito daga bayanta yana goge hannu da tsumma. Gajere ne, mai sanƙo, duk taraktar da ke yankin ta taɓa kwana a garejinsa. Ya karɓi makullin, ya zura, ya murɗa. Makullin ya zauna daram. Mayaƙa suka yi tafi, Kak Sarbast ya sumbaci sanƙon Wasta.

"Ku dakata da murna," in ji Wasta. "Mamosta, kai ne mai ido. Leƙa nan."

Ya ba shi tocila. Mamosta ya leƙa ta bakin igwar. Cikin ya yi ja wur da tsatsa, kuma can tsakiya akwai wani siririn layi da hasken rana yake shigowa ta ciki. Ya daɗe yana kallon layin.

"Ɗazu na gani da na wanke ta," Wasta ya ce. "Kak Sarbast, idan ka harba wannan, abokan gaba ƙara kawai za su ji. Mu da ke bayanta mu za a tsinta a bokiti."

"Ba za ka iya yi mata walda ba?"

"Walda? Igwa ce, Kak, ba ƙofar kanti ba."

Kak Sarbast ya duba agogo. Sha ɗaya da rabi. Ya cire hularsa ya matse ta a hannu. Ba zai iya ce wa baƙon kayansa ruɓaɓɓe ne ba, don an yi alkawarin jirgi na biyu yana tafe, kuma ana ce masa wannan karon da na zamani. Ba zai iya harbawa ba. Ba zai kuma iya tura mutum arba'in su tsaya a bayan abin da zai fashe ba.

Wasta ya tofa ɓawon 'ya'yan kabewa. "Ai duk tsofaffin nan haka suke. Taka ma, Mamosta, da za a leƙa, na san cikinta ya zama gari."

Mamosta ya miƙe tsaye kamar an tsikare shi. "Tawa? Tawa ka ce? Duk ranar Alhamis, shekara goma sha tara, da man injin ɗinki nake wanke cikinta! Da hunturu bargo biyu nake rufa mata! Cikinta ya fi madubin gidanka haske, Kamaran. Ka zura mata harsashi yanzun nan, wallahi sai ta..."

Sai ya ji abin da bakinsa ya faɗa.

Kak Sarbast yana kallonsa. Wasta yana kallonsa. Sojan nan mai hoton budurwa ma ya sauke hoton.

"Ba haka nake nufi ba," in ji Mamosta.

"Sai ta me, Zirak?" Gulala ta tambaya. Muryarta ba ta faɗa ba ce wannan karon.

Ya zauna a kan akwatin harsasai. Ya tuna Rebwar ranar da ya zo neman aure, yadda gumi ya jiƙa masa riga, yadda ya zubar da shayi a kan kafet ya sa ƙafa ya rufe wurin yana zaton ba a gani ba. Mamosta bai taɓa ganin yaron ya dace da 'yarsa ba. Har yanzu ma bai gani ba. Amma Shilan shi take so, kuma ɗan da ke cikinta hancin wannan sakaran zai ɗauko.

"Idan tawa ta tafi," ya ce a hankali, "wannan ta koma wurina. Ba aro ba. Har abada."

"Ka ɗauka har da hulunan," in ji Kak Sarbast.

Sai da suka isa gidan tarihin da taraktar Wasta sannan Mamosta ya tuna wani abu: igwar aka fara ajiyewa, daga baya aka zagaye ta da katanga. Ƙofar ko rabin faɗinta ba ta kai ba. Wasta ya auna da tafin hannu, ya sake aunawa, ya dubi Mamosta.

"Kada ka dube ni," in ji Mamosta. Ya shiga ɗakin tukwane ya rufo ƙofa, ya toshe kunnuwansa. Duk da haka ya ji faɗuwar katangar, ya kuma ji muryar Gulala tana cewa, "Ƙara nan gefen, Wasta, dama ta karkace."

Ta tsakiyar kasuwa suka bi, don ita ce hanya mafi kusa. Tarakta a gaba, igwa a baya, Mamosta yana biye da ƙafa yana riƙe da bakinta kamar mai rakiyar amarya. 'Yan gidan shayi suka fito da carbi a hannu.

"Mamosta, ina za ka kai tsohuwa? Asibiti?"

"Gulala ce ta ce ko ita ko igwa, ya zaɓi igwa!"

"Kada ka nuno ta nan, kantin surukina yana can gaba!"

Bai kula su ba. Mai sayar da rumman ya jefa guda biyu a kan kujerar igwar ya ce a kai wa yaran da ke tudu. Mai gurasa ya ga haka, ya ɗora tasa. Kafin su fita daga kasuwa, igwar ta yi kama da amalanken ɗan talla.

Biyu saura kwata suka shiga bariki, Wasta ya mayar mata da makullinta. Aka ɓamɓaro tutar daga jikin baƙuwar igwa aka manna wa ta Mamosta. Ita kuma baƙuwar aka tura ta bayan ɗakin girki, aka rufa mata tamfol.

Jami'in ya iso da motoci uku. Dogo ne, fuskarsa ta yi ja saboda rana, mutumin kirki da gani, yana gaisawa da kowa hannu bibbiyu. Tafintansa wani ɗan birnin Hawler ne mai ƙaramin gemu. Jami'in bai taɓa ganin kayan da idonsa ba, a takarda kawai ya san su. Ya tsaya gaban igwar, ya shafa ta, ya yi doguwar magana.

"Ya ce," in ji tafinta, "ku dubi yadda take sheƙi. Ya ce a ƙasarsu haka ake kula da kaya. Ya ce ko ɗigon tsatsa babu, wannan shaida ce ta irin tarbiyyar sojojinsu."

Mamosta ya buɗe baki. Gulala ta ɗora dugaduganta a kan babban yatsansa ta danna, tana yi wa 'yan talabijin murmushi.

An ajiye tsohuwar mota a gindin dutse, nesa da bariki, a matsayin abin bara. Wasta ya saita, ya yi bismillah, ya miƙa wa Kak Sarbast igiyar harbi. Kak Sarbast ya dubi igiyar, ya juya ya miƙa wa Mamosta.

"Ni malamin tarihi ne," in ji Mamosta.

"Ai shi ya sa."

Ya karɓa. Ya matsa kusa da ita ya raɗa mata wani abu da ba wanda ya ji, ya runtse ido, ya fizga.

Ƙarar ta zubar da gilashin motar Kak Sarbast, ta jefar da mai kyamara daga kan kujerar da ya taka, ta kori kare har bayan gari. Harsashin bai sami motar ba. Ya wuce ta ya sauka a kan wani ƙaton dutse da ke samanta, dutsen ya tsage, rabinsa ya gangaro a hankali, kowa yana kallo, ya zo ya zauna a kan motar ya mayar da ita faifai.

Mayaƙa suka kaure da ihu, suka kama kafaɗun juna suka shiga rawa, suka jawo jami'in cikin layi. Wasta yana ta rantsuwa cewa dutsen ya nufa tun farko. Mamosta yana tsaye da igiya a hannu, kunnuwansa suna kuka, hawaye yana bin gashin bakinsa.

"Kuka kake yi?" Gulala ta ce da ƙarfi a kunnensa.

"Hayaƙi ne!"

Kak Sarbast bai jira gobe ba. Da la'asar aka ɗaura igwar a bayan babbar mota. Gulala ta aika gida aka kawo tukunyar dolma, shinkafar da ake naɗewa a ganyen inabi, da ta dafa tun jiya, ta ɗaure ta da gyale a jikin kujerar, ta ce wa direba idan tukunyar ta isa da rabi za ta sani. Mamosta ya ba shi gwangwanin mai da tsummoki uku, ya yi masa bayanin wanne ne na ciki wanne ne na waje, ya sa shi ya maimaita.

"Ka ce wa Rebwar," ya ce, sai ya tsaya yana neman abin faɗa. "Ka ce masa ya riƙa tsayawa a gefenta, ba a bayanta ba. Tana harbi da ƙafa kamar alfadari."

Ya tsaya a bakin titi har ƙurar motar ta kwanta.

Wasta ya jawo masa baƙuwar igwar, ƙafa ɗaya tana juyawa ɗaya tana jan ƙasa, ya shigar da ita ta inda katanga ta faɗi. Mamosta yana tsugune yana share ɓaraguzai daga ƙarƙashinta, sai ga motoci uku sun tsaya. Jami'in ne, a hanyarsa ta komawa Hawler. An gaya masa garin yana da gidan tarihi, shi kuma mai son tarihi ne.

Ya kalli tukwane, ya kalli masaƙa, ya gyaɗa kai ga masu gashin baki. Da ya fito tsakar gida sai ya ja ya tsaya. Ya zagaya igwar sau biyu, ya ƙwanƙwasa ƙafar katakon, ya leƙa bakinta, ya yi fito.

"Ya ce irin wannan ko a gidan tarihin ƙasarsu bai taɓa gani ba," in ji tafinta. "Yana tambaya a ina kuka samo ta."

Mamosta ya dubi tafinta. Tafinta, wanda ya ga abin da ke ƙarƙashin tamfol ɗazu da ya je neman ruwan sha, ya dubi sama.

"Kyauta aka ba mu," in ji Mamosta.

Aka fassara. Jami'in ya goge tsatsar da ta shafi yatsunsa da hankici, ya fashe da dariya, ya dafa kafaɗar Mamosta ya faɗi wata gajeriyar magana. Tafinta ya yi tari.

"Me ya ce?"

"Mamosta, ya ce duk wanda ya ba ka wannan, to, ba ya ƙaunarka."

Mamosta ya kalli jar fuskar mutumin, da hancinsa da rana ta saɓe, da ƙurar rawa a gwiwar wandonsa.

"Ka ce masa ya zauna," ya ce. "Bari in ɗora shayi."